Azumin da Aka Yi Zawarcin Ƙuri'ata

Ganyen bishiyoyin layinmu ya fara komawa ja da ruwan ɗorawa, maƙwabta kuma sun sake kafa 'yan allunan nan na zaɓe a kan ciyawar ƙofar gidajensu. Shekaranjiya ina share ganye a bakin gareji, Ummi ta tsaya a kaina da jakar makaranta tana tambayata, da Turancin nan nata da ba ya ƙarewa, wa zan zaɓa bana. Na ce ta shiga ta cire takalmi. Amma sai tsintsiya ta tsaya a hannuna, domin iskar da ta kaɗa a lokacin, mai sanyi da warin jiƙaƙƙen ganye, irin ta azumin shekarar dubu biyu da huɗu ce, azumin da na yi ina ɗauke da cikinta.

Yanzu azumi ya koma tsakiyar zafi, rana sai ta ga dama take faɗuwa, mutum ya yi ta leƙen taga har wuyansa ya ƙage. A waccan shekarar kuwa a kaka ya zo mana, yini gajere, gari da sanyi-sanyi. Ƙishirwa ba ta damun kowa. Yunwa ce ke shiga mutum ta tafin ƙafa, saboda sanyi na cinye sahur tun kafin hantsi. Shi ya sa na ɗauki azumin duk da cikin wata shida, likitata tana harara, ni ina ce mata na fi ta sanin jikina. Ina aikin nas a lokacin, muna zaune a wani ɗan gida a garin Sterling, nan Amurka, ni da maigidana, wanda bai riga ya zama Baban Ummi ba, yana tuƙa tasi a filin jirgi. Da asuba mu sha shayi da burodi a tsaye, ya fita ya kankare raɓar da ta daskare a gilashin mota da tsohon katin waya, ni kuma in tsaya a taga ina kallon hayaƙin bakinsa.

Abin da muka rasa shi ne kayan gida. Yau kana shiga shagon 'yan Afirka a Manassas za ka tarar da garin kunu a leda, an rubuta masa yadda ake damawa, kamar ba a haife mu da sani ba. Da kuwa gero sai a shagon Indiyawa a Annandale, shi ma da wani suna daban, sai ka buɗe tafin hannu ka shinshina kafin ka yarda. Tsamiya a wajen mutanen Meziko. Kanwa da daddawa da kuka kuwa, mutum ɗaya ce ke da su a duk yankin, Hajiya Yalwa, kuma a ƙasan akwatinta suke, akwatin da makullinsa ke ɗaure a gefen zaninta.

Hajiya Yalwa Bakanuwa ce, mijinta ya rasu, ɗanta da muke kira Dakta ya ɗauko ta ta zo rainon jikoki a Manassas. A ɗakin ƙasa na gidan ta kafa nata kicin, domin a sama ƙararrawar hayaƙi ba ta barin ta soya ko albasa, surukarta kuma ba ta son warin daddawa ya kama labule. Ɗakin yana da taga ɗaya tal, 'yar ƙarama can kusa da rufi, ita ma an toshe ta da kwalayen kaya. Nan muke taruwa duk Lahadi, mu 'yan gidajen Hausawa da ba mu taka kara mun karya ba. Mata mu zauna a kan shimfiɗa muna surfa wake da hannu a cikin robobi, ruwan sanyi yana sa yatsu su yi fari. A niƙa a bilenda kaɗan-kaɗan don kada ta ƙone, a buga ƙullu, a tace gasara. Maza su sauko da sunan taimako, su ƙare da riƙe ludayi suna gardama. Kafin la'asar ɗakin ya ɗume da tururin kunun tsamiya da ƙamshin man gyaɗa, har mutum ya manta akwai Amurka a saman kansa.

Tun ranar da na sauka ƙasar nan Hajiya ta riƙe ni. Da ta ga cikina ya fito, ba ta jira na roƙa ba. Ta ce tunda an hana mahaifiyata biza, ita za ta yi mini wankan jego, ta zauna da ni har arba'in, kuma ta riga ta sa an taho mata da busasshen ganyen darbejiya. Na shiga banɗaki na yi kuka ranar, kukan daɗi. Haihuwar fari ce, a tsakiyar hunturu za ta zo, kuma babu abin da nake tsoro kamar in dawo daga asibiti in tarar da gida shiru.

To, a cikin wannan azumin zaɓen shugaban ƙasa ya faɗo, kuma sai aka duba aka ga duk cikinmu ni kaɗai ce ke da ƙuri'a. Ni na riga maigidana zuwa, ta cacar biza, na cika shekaruna, na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa a farkon shekarar. Maigidana girin kad gare shi, takardar zama kawai. Dakta bai samu sukunin cike takardu ba. Hajiya kuwa ta ce ba za ta zauna wani yaro ya yi mata jarrabawar Turanci da furfurarta ba. Sauran duk ɗalibai ne da masu bizar aiki. Mutanen da suka fi kowa iya siyasa a ɗakin ƙasan nan, babu mai ikon taɓa akwatin zaɓe.

Da farko abin bai dami kowa ba. Kusan kowa ya gaji da shugaba mai ci, ɗan jam'iyya mai alamar giwa, saboda yaƙin Iraƙi da kuma yadda ake ware mai suna irin namu a gefe duk lokacin da zai hau jirgi. Sai wata Juma'a aka fito daga masallaci aka tarar da takardu a maƙale a gilashin kowace mota. An zana zobba biyu, an rubuta cewa ɗan takarar jam'iyya mai alamar jaki, in ya hau, namiji zai auri namiji, mace ta auri mace, kuma za a koyar da hakan a makarantun yara. Wanda ya raba takardun ba mu gan shi ba. Rediyon mota ma ba ta da wata magana sai ta auren jinsi, safe da yamma. Kafin Lahadi ta zagayo ɗakin ƙasa ya rabu biyu.

Hajiya ta koma giwa da ƙarfinta. Jikokinta uku suna firamare, kuma kullum tana tsaye a bakin titi tana kallon motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta tafi da su inda ba ta jin abin da ake faɗa musu. Tsoronta na gaske ne, na gan shi a idonta. Maigidana kuma ya ce shi ma bai yarda da auren ba, addini ɗaya suke bi, amma mutanen da suka shekara uku suna kallonsa kamar ɓarawo ba su tuna yana da addini ba sai yau da suka buƙaci ƙuri'ar matarsa. Shi Bazazzagi ne, ita Bakanuwa, dama ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Amma a makon nan tsokanar ta fara yin kaifi, har na lura in ya ce mata bakin ciniki ba ta dariya.

Ni kuwa sai na wayi gari na zama amarya. Ina dawowa daga aiki zan tarar da kula a ƙofa. Yau alale daga matar wani injiniya ɗan giwa, gobe dambun kaza daga gidan wani malamin jami'a ɗan jaki. Wata 'yar Kumasi da ko gaisuwar kirki ba ma yi ta aiko mini da shito, soyayyen yajin nan nasu, cikin kwalba, da saƙon cewa in tuna da yara. Maigidana da bai taɓa wanke cokali ba ya fara matsa mini ƙafa bayan tarawihi, yana yi yana kawo labarin Bagadaza. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin ƙwarai. Na ci na kowa, na yi wa kowa godiya, ban ce wa kowa komai ba. Likitata ta auna ni ta ce ba ta taɓa ganin mai azumin da ke ƙara nauyi haka ba.

Hajiya ba ta aiko da kula ba. Ita kanwa ta ɓalle mini daga ƙasan akwati, guntu mai kyau, ta naɗe a takarda ta sa mini a tafin hannu ta rufe da nata. Muna mu biyu a gindin matakala.

"Rakiya, ke 'yata ce, ba na yi miki kwana-kwana," ta ce. "In kika jefa wa mutanen nan, ki nemi wadda za ta dafa miki ruwan jego."

Na yi dariya ina jira ta taya ni. Ba ta taya ni ba. Ta gyara mayafinta ta koma wajen kasko, ni kuma na tsaya da kanwa a hannu, abin da ke cikina yana motsi.

Daga ranar dambun ya daina yi mini daɗi. Ni na riga na san inda zuciyata ta karkata. Abin da addinina ya ce game da aure ban canza masa ko wasali ba. Amma akwai wani abokin aikina, Bature, da kowa ya san da namiji yake zaune. Tun farkon azumi shi ke karɓar marasa lafiyata in magariba ta yi, ya ce in je in sha ruwa in yi salla, ba tare da na roƙe shi ba. A makonnin nan na ga yadda yake rage murya in talabijin ɗin ɗakin hutu ta fara maganarsu, irin yadda nake rage tawa in ta fara tamu. Na rasa yadda zan yi in yarda cewa duk damuwar ƙasar nan shi ne. Ga kuma maigidana, ga hotunan yaƙi kullum. Sai dai duk wannan bai dafa ruwan zafi ba.

Lahadin ƙarshe kafin zaɓe ita ce ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma ita ce ranar da yaran Amurka ke shigar dodanni suna bi gida-gida ana ba su alewa. Hajiya ta ce ai tashe ne, tunda a azumi ya zo, don haka ta sa aka ƙara wake, duk yaron da ya buga ƙofa zai samu ƙosai. Tun azahar muke ƙasa. Gardama ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Hajiya tana juya ƙosai tana kawo labarin mutanen Annabi Luɗu, maigidana yana riƙe da matsami yana kawo hukuncin zubar da jinin bayin Allah. Kowa na tsoron Allah fiye da ɗan'uwansa. Ni ina gefe ina yanka kankana, ana nuna ni da ludayi kamar ba na wurin.

Can maigidana ya ɗaga hannu ya ce a tuna fa an canza lokaci, yau shan ruwa biyar da 'yan mintuna ne, ba shida ba. Hajiya ta ɗaga kai ta dubi agogon bangonta ta ce to ai ga biyar ɗin nan ta gota, surutunsa zai sa mutane su makara. Nan da nan aka shimfiɗa leda, aka zuba kunu, aka raba dabino. Wani ɗalibi mai murya ya yi kiran salla a hankali. Muka yi bisimilla. Kunun ranar ya yi daɗin da har yau ina jin tsaminsa a harshena, ƙosai kuma ya tashi fulu-fulu. Ba ka jin komai sai ƙarar cokula.

Ina kan kofi na biyu aka danna ƙararrawar ƙofa. Hajiya ta ce 'yan tashe sun fara, ta cika faranti ta miƙo mini. Na hau matakala da ƙyar, na buɗe ƙofa. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce cikin shigar ƙudan zuma, uwarta na riƙe da hannunta. A bayansu kuwa rana ce tangararan a saman bishiyoyi, tana haska jan ganye, ko niyyar faɗuwa ba ta yi ba.

Na ba yarinyar ƙosai, ta karɓa tana jujjuya shi. Na sauko na tsaya a tsakiyar matakala na ce kowa ya ajiye cokali ya zo ya ga wani abu. Suka hau ɗaya bayan ɗaya, manyan likitoci da injiniyoyi, baki duk maiƙo, suka tsaya a kan ciyawa suna kallon sama. Maigidana ya kawo sabon lokaci, Hajiya ta duba tsohon agogon da babu wanda ya tuna ya mayar da shi baya. Mun sha ruwa saura awa guda cur.

Wanda ya fara dariya Dakta ne, sai kowa ya ɓarke. Maigidana ya zauna a kan dakalin ƙofa yana riƙe ciki, yana cewa agogon Kanawa ma sauri yake kada a riga shi kasuwa. Hajiya ta ce dama wa ya aike ta bin lissafin Bazazzagi. Hawaye take sharewa da bakin mayafi. Aka koma ƙasa aka zauna gaban abinci ana kallonsa, domin malamin cikinmu ya ce a kame baki har rana ta faɗi, kuma kowa yana da ramuwar yini ɗaya. Ban taɓa ganin awa mai tsawo da daɗi irin wannan ba. Ƙosai yana hucewa, mu muna dariya, 'yan giwa da 'yan jaki duk laifinmu ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Da za mu tafi Hajiya ta rako ni mota, ta gyara mini ɗankwali. Ta ce azumi ana rama shi, amma abin da zan jefa jibi ba a rama shi. Ta juya ta shiga gida.

Ranar Talata na yi sahur da ƙyar. Layin masu zaɓe ya fito daga cikin wata makarantar firamare har ya zagaye filin wasan yara, mutane riƙe da kofunan kofi, ƙamshinsa yana dukan hancina. Wata tsohuwa ta ga cikina ta sa aka kawo mini kujera. Da na shiga bayan ɗan labulen na daɗe a tsaye. Na tuna banɗakinmu, da sanyin watan Janairu, da hannuna biyu da ba su taɓa riƙe jariri nawa na kaina ba. Sannan na zaɓi na jaki na fito.

Zan iya yin shiru, babu mai sani. Amma matar da ta buɗe mini ƙasan akwatinta ba zan ci kanwarta da ƙarya ba. Bayan magariba na kira ta na gaishe ta, na faɗa mata. Sai ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ajiye.

Washegari aka ce giwa ta ci. Na ɗauka tunda nata ya hau za ta huce, ashe ba a nan take ba. Kuloli suka ɗauke ɗif daga ƙofata, maigidana ma ya manta inda ƙafata take. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne Hajiya ta koma kirana Malama Rakiya. Ina zuwa ranar Lahadi, ta amsa gaisuwata yadda ake amsa ta baƙo, ta ba ni aikin da ya fi kowanne sauƙi. Ranar Salla ta yaba ɗinkina, ta tambayi jiki, maganar jego kuwa ko da wasa. Ni ma na kasa tambaya. Bishiyoyi suka zama ƙirare, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Maigidana ya ce in kwantar da hankalina shi zai yi mini, ya ga yadda ake yi wa yayarsa. Na dube shi na yi dariya, daga nan dariyar ta koma kuka.

Ummi ta zo a cikin wani sanyi da ke sa haƙori ciwo. Ranar da aka sallame mu, muna shigowa layinmu na hango motar matar Dakta a ƙofa. Ashe maigidana ya ba su makulli bai gaya mini ba. Ina buɗe ƙofa tururi ya dake ni, da ɗacin darbejiya. A kan murhunmu akwai wata ƙatuwar tukunya da ta haye kawuna biyu, irin wadda Amurkawa ke soya talotalo sukutum a ciki, ruwa yana tafasa. Ga jakar kayan Hajiya a jingine da kujera, ga dardumarta an riga an shimfiɗa. Ita tana banɗaki tana ta fama da bokitai.

Na tsaya ina kallon tukunyar. Matar Dakta ta karɓi jaririyar daga hannuna, ta matso kusa da kunnena. Ta ce tun washegarin zaɓe Hajiya ta tasa ta gaba, da azumi a bakinsu, shago-shago, wai duk tukwanen ƙasar nan na wasan yara ne, sai da suka samo wannan. A ƙarƙashin gadonta ta ɓoye ta wata biyu da rabi.

"To me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ta ce a bar ki ki ɗan ji a jikinki."

Hajiya ta leƙo daga banɗaki, hannun riga a naɗe, damin ganye yana ɗiga a hannunta. Ba ta ko dubi fuskata ba, ƙafafuna da suka kumbura ta duba.

"Rakiya, tsayuwar me kike yi? Tuɓe ki zo, ruwa na hucewa."